Kafin a Yi wa Tsohon Rediyo Ritaya, a Tambayi Damari

A watan Satumban 2021, kwanaki kaɗan bayan an katse layukan waya a ɗaukacin jihar Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa an yi haka a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina. Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara duk suna ciki. Manufar ita ce a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu bayanai. An rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an hana sayar da fetur a jarka, daga baya har sana'ar cajin waya aka haramta a yankunan da abin ya shafa. A ƙarshen watan jihar Kaduna ta bi sahu a wasu sassanta, ciki har da Birnin Gwari. Garin Damari, wanda ke ƙaramar hukumar Sabuwa a can ƙuryar kudancin Katsina, ya wayi gari a tsakiyar wani faffaɗan yanki inda babbar waya ta koma fitila da agogo kawai. Aƙalla wata uku aka yi a haka.

A tsawon waɗannan watanni babu WhatsApp, babu Facebook, babu kiran ɗan'uwa a Zariya a ji lafiyarsa. Abin da ya rage yana shigo da labarin duniya shi ne ƙaramin akwatin nan mai batir biyu, wanda ake ɗaure murfinsa da kyauro idan ya karye. Da ƙarfe shida da rabi na safe Sashen Hausa na BBC ya zo ta gajeren zango kamar yadda ya saba, Rediyon Kaduna ya zo, har sanarwar gwamnatin da ta kashe sabis ɗin ma ta wannan akwati ta isa ga waɗanda aka kashe wa. Duk wanda zai yi magana a kan ko rediyon dijital ya fi na da, ya kamata ya fara daga nan, kafin ya je Norway.

Ana yawan jin zancen a tarukan ƙara wa juna sani da bukukuwan Ranar Rediyo ta Duniya, 13 ga Fabrairu: wai analog tsohon yayi ne, duniya ta wuce wurin, Najeriya ce ke jan ƙafa. Masu wannan magana galibi suna cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai sauraron rediyo ta intanet, inda tasha ke zuwa cikin waya ta hanyar data. Akwai kuma rediyon dijital na ainihi, wanda shi ma ta iska ake watsa shi daga turke, amma an mayar da sautin lambobi, sai akwati na musamman ne zai iya warware su. Na biyun nan yana da iri-iri: DAB da Turai ta fi amfani da shi, HD Radio na Amurka, da DRM wanda ke iya hawa gajeren zango da matsakaicin zango.

Na farkon bai buƙatar dogon shari'a, domin 2021 ta riga ta yanke hukunci. Rediyon da ke rayuwa a kan turken kamfanin waya yana mutuwa ranar da aka kashe turken, ko gwamnati ce ta kashe, ko ɓarayi suka sace batiransa, ko man janareto ya ƙare. Ko a ranar lafiya ma ba kyauta ba ne. Sauti mai matsakaicin kyau, na kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin kusan megabayit 29 a awa guda. Manomin da ke saurare awa uku a yini zai ƙone fiye da gigabayit biyu da rabi a wata, a ƙasar da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ga layin da sai an haɗa shi da lambar NIN, in ba haka ba a toshe. Akwatin rediyo kuwa ba ya tambayar sunan kowa, ba ya ajiye tarihin abin da aka saurara, kuma ko mutum goma ne suka kewaye shi a dandali ko miliyan goma a faɗin Arewa, kuɗin watsawar bai canza ba. Sauraro ta intanet alheri ne ga Bahaushen da ke Jidda ko Landan yana son jin Inda Ranka na Freedom Radio. Ƙari ne mai kyau. Amma wanda ya kira shi magajin rediyo bai kwana a Sabuwa ba.

Na biyun ya fi cancantar a yi masa adalci, domin amfaninsa na gaske ne. A tsarin DAB+ mita ɗaya tana ɗaukar tashoshi goma sha wani abu, maimakon tasha guda. Babu shuuu, babu tasha ta hau kan tasha. Sunan gidan rediyo da rubutaccen bayani suna fitowa a fuskar akwatin. Idan aka raba kuɗin wuta a kan tashoshin da ke turke ɗaya, kowace ta samu sauƙi, kuma duk wanda ya san abin da gidajen rediyon Najeriya ke kashewa a man dizal ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kashe sabis na 2021 ma da bai taɓa shi ba, tunda ba ta layin waya yake bi ba.

To amma a duba wa ke cin ribar, wa ke biyan kuɗin. Sauƙin wuta na mai tasha ne. Yalwar mitoci ta hukuma ce mai sayar da lasisi, kuma matsalar cunkoson mita ta Legas ce da Kano da Abuja. A Damari mutum zai murza FM daga farko har ƙarshe ya tarar da mafi yawansa fili ne fetal. Shi kuwa mai sauraro, rabonsa a cinikin shi ne ya jefar da akwatin da yake da shi ya sayi sabo. Ba akwatin kaɗai ba. Ƙananan wayoyin Tecno da itel da suka cika aljihun mutanen karkara suna da FM a cikinsu, suna kama tasha ko babu sabis, ko babu ko sisin data. Wayar da ke kama DAB kuwa kamfanin LG ya gwada fitar da ita a 2016, kasuwa ba ta bi ba. Sannan akwatin dijital ƙaramar kwamfuta ce, tana lissafi kafin ta yi magana, saboda haka ta fi shan batir. A tuna an taɓa haramta sana'ar caji a wannan yanki. A kuma tuna watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda.

Akwai kuma wani hali na dijital da masu tallarsa ba su cika son a daɗe a kansa ba. Analog a hankali yake mutuwa. Idan tasha ta yi nisa, murya takan dusashe, ƙara ta ƙaru, amma mai sauraro ya ja eriya, ya ɗaura mata waya, ya juya akwatin gabas, ya kasa kunne ya tsinci abin da aka ce. Kunnen ɗan Adam gwani ne wajen tsamo magana daga cikin hayaniya. Dijital ba ya wannan sassaucin: ko dai ya zo garau, ko ya yi ɗif. Ga mazaunin tsakiyar Kaduna wannan ba komai ba ne. Damari kuwa tana da nisan fiye da kilomita 200 daga birnin Katsina, a bakin iyakar kowace tasha take, inda bambanci tsakanin murya mai shuuu da shiru shi ne bambanci tsakanin sanin cewa an rufe hanya da fita a faɗa cikinta. DAB yana aiki ne a mitocin da suka fi na FM tsawo, daga megahaz 174 zuwa sama, don haka rufe karkara da shi yana buƙatar jerin turaku. Wane ne zai kafa su a gefen dajin Birnin Gwari, wa zai kai musu mai, wa zai tsare su?

Abin da ya fi dacewa da irin wannan ƙasa a takarda shi ne DRM, tunda yana tafiya da nisan gajeren zango, sautinsa kuma kamar na FM, har yana iya tayar da akwati ya ba da gargaɗin gaggawa. Najeriya ma ta riga ta saye shi. A 2012 aka buɗe tashar Muryar Najeriya ta Lugbe a Abuja da manyan na'urori masu iya watsa DRM. Shekara goma sha wani abu ke nan. Mai karatu ya shiga kasuwar Funtuwa ko ta Ɗandume ya nemi akwatin da ke kama shi. Indiya, wadda ta fi kowa zuba jari a wannan tsari, ta sauya manyan tashoshinta na matsakaicin zango da dama, amma mafi yawan akwatunan da ke kama su a cikin sababbin motoci suke. Manomin da ke zuwa gona a kan babur ko a ƙafa bai shiga lissafin ba.

Su kansu Turawan da ake kafa hujja da su ba bakinsu ɗaya ba. Norway ce ta fara kashe FM na manyan tashoshin ƙasa a 2017, ƙasa mai arzikin mai da mutum miliyan biyar da 'yan kai, amma duk da haka ta bar ƙananan tashoshin yanki a kan FM. Finland ta gwada DAB ta rufe shi a 2005. Gidan rediyon gwamnatin Ireland ya kashe nasa a 2021 saboda masu sauraro ba su taka kara sun karya ba. BBC ta fara DAB tun 1995, amma bayan shekara talatin Ingila ba ta kashe FM ba. A Switzerland gidan rediyon ƙasa ya sauka daga FM a ƙarshen 2024, sai masu sauraro da yawa suka murza zuwa tashoshi masu zaman kansu da suka rage a can. Ranar 28 ga Afrilun 2025 da wuta ta ɗauke a Sifaniya da Portugal, waya da intanet suka bi ta, mutanen Madrid layi suka yi a shaguna suna neman rediyo mai batir. Na yini ɗaya suka ɗanɗana abin da Sabuwa ta sha na watanni.

Ko a gida akwai darasi, sai dai ba a son karanta shi. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa ranar 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin mayar da talabijin dijital. Najeriya ta sa wa kanta 2012 ta saɓa, ta saɓa 2015, ta ƙaddamar da gwaji a Jos a watan Afrilun 2016, ta sake saɓa 2017. Inda aikin ya fi cijewa shi ne wajen ɗan akwatin da kowane gida zai saya. Wannan fa talabijin ne, kayan birni. Kuma wa'adin bai shafi zangon FM ba. Babu wata yarjejeniyar duniya da ta tilasta wa kowa kashe shi. Duk wanda ya ce an bar Najeriya a baya a nan, ya faɗi wanda ya sa tseren.

Wani batun na 'yanci ne, kuma ya kamata 'yan jarida su fi kowa jin tsoronsa. A tsarin DAB tashoshi da yawa suna bi ta ƙofa ɗaya, mai riƙe da ƙofar kuwa ko gwamnati ce ko kamfanin da ta zaɓa. A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 a rana guda saboda bashi, kafin ta janye bayan an yi ca. A tsarin yanzu, rufe su na nufin bin su ɗaya bayan ɗaya, kowace da turkenta. A tsarin ƙofa ɗaya, umarni guda ya wadatar. FM ma ba tsira ya yi ba: sojojin Nijar sun dakatar da RFI a 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, tashoshin da ke karɓo shirye-shiryensu suka yi shiru. Gajeren zango ne kaɗai ya ci gaba da tsallako iyaka ba tare da neman izini ba, wato mafi tsufan duka, wanda aka fi yi wa dariya.

Wannan ba ya nufin cewa abin da ke hannu lafiya yake. Tsohon rediyon Arewa yana ciwo, amma ba ciwon da dijital ke warkarwa ba. Rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ya yi zamanin da Zaɓi Sonka ke haɗa masu gaisuwa daga Sakkwato har Kumasi, ba don sautinsa ya fi na kowa tsabta ba, sai don na'urorinsa na da ƙarfi kuma ana kula da su. Yau jarin ya koma FM, FM kuwa ya taru a manyan birane inda talla take. Dogaro da tashoshin ƙetare ma ya nuna iyakarsa a watan Maris na 2025, lokacin da umarni ɗaya daga Fadar White House ya sa Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ke magana tun 1979, ya yi tsit. A gefe guda Nijar, wadda ta fi Najeriya talauci, ta fara rediyon al'umma tun 1999 a Bankilare, yanzu tana da fiye da ɗari. Najeriya sai a 2015 ta ba da lasisi 17 na farko.

Dijital yana da gurbinsa, kuma ya riga ya shige shi: ɗakin shirya shirye-shirye, na'urar naɗar murya ta wakili, hanyar aika sauti zuwa turke, da ceto tsofaffin faya-fayan Shata da Ɗanƙwairo da ke ruɓewa a ɗakunan ajiya. A nan a zuba kuɗi ba a yi asara ba. Amma tazarar ƙarshe, daga turke zuwa kunne, a bar ta yadda talaka zai iya kama ta. Abin da Damari da Faskari da Ƙanƙara ke buƙata daga kasafin sadarwa shi ne na'urar matsakaicin zango mai ƙarfi wadda ke aiki dare da rana, da ƙananan tashoshin FM masu amfani da hasken rana a hedikwatocin ƙananan hukumomi, waɗanda za su faɗi farashin masara a Ɗandume, ranar rigakafi, da hanyar da ba ta biyuwa yau. Akwatunan da za su kama su suna nan rataye a wuyan makiyaya da ƙusoshin shaguna, an riga an biya kuɗinsu.