Zauren Masu Sana'a: Wane Soso Za a Ɗaura wa Sabon Injin Goge Mota?

Wani saurayi mai wankin motoci a nan zango ya aiko mana da takarda. Ya ce wansa da ke zaune a Ingila ya aiko masa da injin goge fenti, yana so ya haɗa wannan sana'a da ta wanki, ko ya sami abin ƙara wa gida. To, ya tafi kanti ya tarar da soso iri-iri, ga fari, ga baƙi, ga rawaya, wani na gashi, wani irin na katifa, mai kanti kuwa ya ce ya ɗauki kwali guda mai launi bakwai ya huta. Shi ne ya ke tambaya, wanne zai saya? Mun ga amsar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin samarinmu da yawa sun shiga wannan aiki, saboda haka muka kawo ta zaure.

Ɗana, kafin ka ba mai kanti ko sidi ɗaya, sai ka san abin da a ke nufi da goge mota. Mutane suna tsammani ƙyalli a ke shafa wa fenti. Ba haka ba ne. Kankare shi a ke yi. Galibin motocin da a ke ƙerawa tun daga wajen 1980 fentinsu hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sa'an nan a bisa duka akwai wani marar launi, garau kamar ruwa, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne mai ƙyallin, shi ne kuma ke tare zafin rana. Kaurinsa bai cika wuce maikiron 40 ko 50 ba, maikiron 1 kuwa shi ne milimita 1 a raba ta gida 1,000. Watau wajen rabin kaurin takardar nan da ka ke riƙe da ita. Zane-zanen nan masu kama da saƙar gizo da a ke gani a jikin baƙar mota in rana ta haska ta, a cikin wannan ɗan siririn hawa su ke. Inji da soso da man guga suna cin fuskarsa kaɗan-kaɗan har ta zo daidai da gindin zanen, sai zanen ya ɓace. Abin da aka ci kuwa ba ya dawowa. In ka huda shi, babu wani mai da zai gyara, sai a kai wa mai feshi ya sake fentin ƙofar ko murfin gaba ɗaya, kuma daga aljihunka za a biya. An ce garin neman gira a kan rasa ido.

Sai ka duba injin naka. Iri biyu ne. Akwai mai juyi ɗaya, wanda ke kewaya wuri guda kamar fanka. Yana da sauri, yana da ƙarfi, amma yana tara zafi, in hannu ya tsaya kaɗan sai fenti ya ƙone. Wannan na gwanaye ne. Akwai kuma mai tafiya biyu, yana juyawa yana kaɗawa, kamar hannun mace a kan rariya tana tankaɗe. Shi ba ya tara zafi wuri ɗaya, in an danna shi da yawa ma a kan yawancinsu juyin sai ya tsaya. Da shi ya kamata sabon hannu ya fara, a kansa kuma za mu yi magana. Amma fa kada wani ya ɗauko injin yankan ƙarfe na maƙera ya ɗaura masa soso don ya ga sun yi kama. Ƙaraminsa ya kan yi juyi wajen 11,000 a minti ɗaya, injin guga mai juyi ɗaya kuwa iyakarsa wajen 3,000. Wanda kuma aka aiko wa nasa daga Amurka ya karanta jikinsa tukuna, domin wutarsu 120 ce, tamu 230, sai da taransifoma. Na Ingila daidai ya ke da tamu.

Soson kansa iri uku ne. Na gashin tunkiya shi ya fi ci, abokin inji mai juyi ɗaya ne, ya kan bar nasa zanen wanda sai an bi da wani soso an share. Ka bar shi a kanti. Na biyu mai ɗan gajeren gashi ne kamar tawul, sunansa maikirofaiba. Yana ci sosai a kan inji mai tafiya biyu, amma gashin ya kan kwanta ya daskare da mai nan da nan, sai an riƙa tashe shi da buroshi ko iskar kwamfaresa. Shi ma ka dakata masa sai hannunka ya faɗa. Na uku shi ne soso irin na katifa, shi ne naka. Shi kuma mataki uku ne: mai tauri na ci, matsakaici na guga, mai laushi na ƙarasawa da shafa kakin mota.

Ga inda a ke yaudarar baƙo, watau launi. Babu wata doka da ta ɗaure masu yin soso a kan launi, kowane kamfani da nasa tsari. Ga misali, rawaya a wani sanannen jeri na Lake Country, kamfanin Amurka, soso ne mai tauri na ci. Rawaya a wurin Rupes, kamfanin Italiya, mai laushi ne. Wanda ya ji abokinsa ya ce, "Ni da rawaya na ke ƙarasawa," ya tafi ya sayo rawayan wani gida, ya ga ta kansa. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin ledar, ka kuma matsa soson da babban yatsa. In babu rubutu, babu sunan wanda ya yi shi, ka ajiye musu abinsu. Kwalin nan mai launi bakwai galibi irin wannan ne, gamsa ba ya jure zafi, tun ba a gama mota ɗaya ba bayan soson ya kan ɓare. Araha ba ta ado.

Bayan soson nan kuwa shi ne ke manne wa faifan inji, da wani abu mai ƙananan ƙugiyoyi. Wanda ya ƙago shi, George de Mestral, mutumin Suwizalan ne, ya samo dabarar ne a 1941 daga 'ya'yan wata ciyawa da suka maƙale a gashin karensa. Ashe da kakanninmu sun tsaya sun duba ƙarangiyar da ke kama musu wando a hanyar Gwanja, da tuni mu ke da abin.

To, a auna faifan. In inci 5 ne, soso mai inci 5 da rabi za a saya. In inci 6 ne, mai 6 da rabi. Dalili, soso ya ɗan fi faifai faɗi, don kada bakin faifan ya taɓa fenti. In injinka ƙarami ne kuma yana karɓar faifai biyun, ka zaɓi na inci 5, ya fi juya shi da sauƙi, ya kuma fi shiga lungu.

Yanzu ga shawararmu, ko da mai kanti ba zai so ta ba. Maimakon launi bakwai ɗaya-ɗaya, ka sayi matsakaici guda 4 ko 5, mai tauri guda 2 ko 3, mai laushi guda 2, duka na gida ɗaya. Me ya sa da yawa haka? Domin soso yana aiki yana shan mai da garin fentin da ya kankaro, yana kuma ɗaukar zafi. In ya ƙoshi sai ya yi lakwas, ya daina ci, kai kuwa sai ka ƙara dannawa, zafi ya ƙaru, gam ya saki. Wanda ya ce zai kewaye mota duka da soso ɗaya, ƙofar farko za ta yi kyau, ta ƙarshe kuwa shafe-shafe ne kawai. Bayan ƙofa ɗaya ko biyu a cire a sa sabo, wancan ya huce.

Da wanne za a fara? Da matsakaici, da mai marar kaifi, a kan ɗan wuri ƙafa 2 tsawo ƙafa 2 faɗi. A ɗiga mai sau 3 ko 4, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake, a ɗora soson a kan fenti kafin a kunna, in ba haka ba rigarka ce za ta sha man. A tafi sannu, soso a kwance, a bi tsaye a bi kwance. Ka ja baƙin layi a bayan faifan da alkalami, in ka ga layin ya daina kewayawa, ka danna da yawa ke nan ko ka karkata. Sa'an nan a share da tawul mai tsabta, a haska da tocila. In ya yi, shi ke nan, haka za a bi sauran motar, mai taurin ya zauna cikin ledarsa. In bai yi ba, sa'an nan a hau mataki ɗaya. Zanen da farce ke maƙalewa a cikinsa kuwa ya yi zurfi, kada ka bi shi. Ka gaya wa mai motar gaskiya tun kafin ka fara.

Akwai abin da ya shafe mu nan ƙasar musamman. Motoci da yawa tsofaffi a ke shigo da su, wadansu sun yi karo a can an gyara, wadansu an sake musu fenti a nan, a Magajin na Suame ko a wani gareji. Ba ka san kaurin abin da ke jikinsu ba, ƙofa ɗaya ma ta kan bambanta da 'yar'uwarta. Tasi kuma, da kafaɗunta masu ruwan ɗorawa, sau da yawa fenti mai hawa ɗaya a ke fesa musu, babu kiliya. In ka ga launin mota ya fito a sosonka, ko dai irin wannan fenti ne, ko kuwa ka huda kiliya. Ka tsaya ka duba. A kan gefe da ƙarshen murfi da duk inda ƙarfe ya yi tudu fenti ya fi siranta, a rufe su da tef na takarda.

Sai ƙura. Lokacin hunturu ka wanke mota yanzu, an jima ta yi fari. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga soso, ita za ta zana maka motar da'ira-da'ira. Saboda haka a yi aikin a inuwa, cikin rumfa, fenti da sanyinsa. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar. Da an tashi a wanke su da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa, a matse ba murɗawa, a kife su a inuwa, bayan yana sama, har su bushe sarai, sa'an nan a ɗaure a leda. Kada a shanya su a kan kwanon ɗaki.

Kuma kada motar farko ta zama ta Alhajin unguwa. Ka tafi wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, a Abossey Okai ko Suame, ka nemi tsohon murfin gaba mai fenti, baƙi in da hali, domin baƙi ba ya ɓoye laifi. Ka gwada kowane soso a kansa. Ka ma dage da gangan a gefe ɗaya har ka huda fentin, don idonka ya san yadda wurin ke dushewa kafin ya ɓare.

Saurayin ya tambayi maganar man guga kuma, wane ne mai kaifi, wane ne na ƙyalli. Takarda ta cika, wannan sai fitowa ta gaba.