Fata Wata Guda Take Nema, Ba Kwana Bakwai Ba

 Hunturu ya kankama a Kaduna. Duk wanda yake fitowa da sassafe daga Kawo, Malali ko Unguwar Rimi zuwa makaranta ya san zancen: hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, kafin a tashi tara ƙafa ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata toka.

To wannan farin da yake fitowa idan muka ja farce a ƙwauri, ba ƙura ce kaɗai ba. Yawancinsa matattun ƙwayoyin fata ne. A can ƙarƙashin fatar da muke gani akwai wani layi da ƙwayoyin halitta suke rabuwa gida biyu dare da rana. Sababbi suna turo tsofaffi sama sannu a hankali. A kan hanya sai tsofaffin su taurara, su baje, su mutu, su zama garkuwar da take riƙe ruwan jiki, take kuma tare ƙwayoyin cuta. Daga nan su zube ba tare da mun sani ba. Ga matashi, wannan tafiya tana cin kimanin wata guda, wani lokaci ta haura. Yadda shekaru suke ja, haka take ƙara jinkiri. Wato mu da muke sakandare, fatarmu tana kan ganiyarta.

Abin da ya kawo mu wannan magana shi ne saƙon wata ɗaliba 'yar aji biyar. Ta ce kurajen balaga sun bar mata baƙaƙen tabo a kumatu, 'yan ajinsu suna tsokanarta, kuma wata ƙawarta ta kawo mata haɗin mai da aka ce a kwana bakwai zai goge tabon, ya ƙara mata haske. Tana tambaya: ta shafa?

'Yar'uwa, kada ki shafa. Mu yi lissafi tare. Idan fata sai ta yi wata guda kafin ta sauya zubi ɗaya, me ke cikin kwalbar da zai canza launinta a mako guda? Sau da yawa abu uku ne. Na farko maganin kumburi mai ƙarfi na dangin sitiroyid, irin su clobetasol, wanda likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi, na ɗan gajeren lokaci. Shi wannan yana rage saurin haihuwar sababbin ƙwayoyin da muka ambata, fata ta yi ta sirancewa har koren jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, kuraje su dawo ninkin ba ninkin, rauni ya riƙa daɗewa bai warke ba. Na biyu hydroquinone, wanda yake hana fata yin sinadarin melanin mai ba ta launi. Idan aka daɗe ana shafa shi, yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, wanda yake da wuyar magani ƙwarai, ya ma fi tabon da aka gudu muni. Na uku zaiba, wadda take ratsa fata ta shiga jini ta taɓa ƙoda. Ba a banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a shekarar 2023. Kuma samari kada ku ce wannan zancen 'yan mata ne, mun sha ganin fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin a layin maza ma.

Melanin ɗin da ake yaƙa kuwa, shi ne lemar da take kare mu daga zafin ranar Maris da Afrilu. Tabon kuraje ma shi ne: wurin ya yi kumburi, fata ta zuba launi da yawa a nan. Duk zubin da fata ta sauya, tabon yana ɗan dusashewa. Shi ya sa yake ɗaukar watanni, wani ma ya kai shekara. Mun san wannan ba labari ne mai daɗi ga wadda ake yi wa dariya a aji ba, amma ita ce gaskiya.

Abin da yake hannunmu shi ne kada mu dagula wa fata aikinta. A bar matse kuraje, domin kowace matsa sabon tabo ce. A bar dirzar fuska da soso, tafin hannu da sabulu marar zafi sau biyu a rana sun wadatar. Lemon tsami da man goge baki da ake yayatawa a TikTok ƙona fata suke yi. A wannan sanyi kowa yana son ruwa mai tururi, amma ruwan zafi sosai yana wanke maiƙon da fata take kare kanta da shi. Mai ɗumi ya fi. Da an fito wanka, tun jiki da sauran danshi, a shafa mai. Man kaɗanya ko basilin sun isa ga ƙafa, hannu, leɓe da diddige mai kaushi, ga su da araha a kowace kasuwa, daga ta Kawo har ta Sheikh Abubakar Gumi. Mai kuraje dai ya rage lafta su a fuska. Hijabi, hula da rigar matashin kai su riƙa ganin wanki a kai a kai.

Sababbin ƙwayoyi kuma da abinci ake gina su. Wake, awara, gyaɗa, ƙwai da kifi su ne tubalin. Zogale, karas, gwanda da manja suna ba da bitamin A, lemo da gwaiba suna ba da bitamin C. A sha ruwa ko da sanyi ya hana jin ƙishi. Sai barci: mai shekarunmu yana bukatar awa 8 zuwa 10, wanda ba zai samu ba idan waya tana hannu har ƙarfe ɗayan dare.

Wanda ya riga ya daɗe yana shafa irin wancan mai, kada ya yanke shi rana ɗaya shi kaɗai, domin fatar takan yi bore da ja, ƙaiƙayi da kuraje. Ya faɗa wa Mama ko yayarsa, a ɗauki kwalbar a tafi da ita wurin likita, a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko asibitin gwamnati mafi kusa, a tsara masa yadda zai janye a hankali. Haka ma wanda kurajensa suke da girma da zafi, ko yake fama da ƙyasbi ko makero, magani na musamman yake bukata.

Ke kuma mai saƙo, ki rubuta kwanan watan yau a bayan littafinki, ki bi waɗannan matakai mako takwas, sannan ki sake rubuto mana abin da madubi ya nuna miki.