Adon Rubutu da Makomar Haruffa Masu Ƙugiya

A shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na matasan Madarunfa da kewayenta, wani salo ya samu karɓuwa: a rubuta suna ko tallar haja da haruffa masu kauri, a jera alamomin ░▒▓ a bayansu domin su zama tamkar inuwa. Abin yana da kyan gani, amma mai nazarin harshe ya kamata ya tambayi kansa abin da Hausa ke biya kafin ta sayi wannan ado.

Alamomin inuwar tsofaffi ne. Suna cikin jerin alamomin kwamfutar IBM ta 1981, lokacin da allon na'ura bai iya nuna hoto sosai ba, sai a yi zane da su. Haruffa masu kauri da masu karkata kuwa, waɗanda manhajojin ado ke samarwa, an shigar da su tsarin Unicode ne a 2001 domin masana lissafi. A ɓangaren Latin na wannan rukuni, haruffa 26 kaɗai aka tanada. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ.

Nan matsalar take. Mai son ado yana da zaɓi biyu: ko ya bar harafi mai ƙugiya tsirara a tsakiyar kalma, ko ya jefar da ƙugiyar. Galibi na biyun ake ɗauka. Sai ƙare ya koma kare, ƙafa ta koma kafa, ɗaka ta koma daka. Maraɗi da Ɗan Isa su koma yadda Faransawa suka rubuta su a taswira, ba ƙugiya. Dokar daidaita rubutun Hausa da Nijar ta zartar a 1999 ta tabbatar da waɗannan haruffa. Ga shi muna sauke su da hannunmu. Ban da wannan, inuwar da aka cusa tsakanin haruffa tana tsinka kalma: injin bincike ba ya gane ta, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma takan bi alamomin ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunayensu.

Wani zai ce ƙawata rubutu daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Gaskiya ne. Sai dai a dubi allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani: zanen yana kewaye da rubutun, bai taɓa cinye ɗigo ko wasali ba, domin alaramma ya san ɗigo guda yana sauya ma'ana.

Wannan ladabi ya kamata mu ɗauka. Wanda ke son inuwa ya sa ta a gefe, ya bar kalmar da haruffanta na asali. Mu ɗaliban kimiyyar harshe kuma mu koya wa ƙannenmu sanya madannin Hausa a wayoyinsu, tunda Gboard yana ɗauke da shi. Kwalliyar da ta mai da ƙasa kasa ba ta biya kuɗin sabulu ba.