Wa Zai Duba Tsofaffin Da Aka Bari A Gida?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota daga Ikko zuwa Arewa ya yi tashin gwauron zabo, har mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da yawa suka rage zuwa ganin gida. Waɗanda abin ya fi taɓawa kuwa su ne iyaye tsofaffi da aka bari a ƙauye.

A shekarar 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, amma sai 2021 ta kama aiki, a can Abuja. Gidan gajiyayyu kuma abin kunya ne ga mai 'ya'ya.

Ana aika kuɗi ta waya, gaskiya ne, to amma kuɗin ba su ɗebo ruwa, ba su raka tsohuwa asibiti. Maƙwabta da surukai ke ɗauke da wannan nauyi, kyauta. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da suka saba haɗa kuɗi in rasuwa ta auku, suna iya ware wani abu su ɗauki mutum amintacce a can gida, mai leƙa tsofaffin kowane mako, ya kai su awon hawan jini, ya sa a yi yaɓen soro kafin damina.