Malamin Zamantakewa da Matsalar Kwafar Rubutu Daga Allo

Ilimin zamantakewa, wato darasin da ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da tsarin mulki da al'adun jama'a domin ɗalibi ya fahimci al'ummar da yake rayuwa a cikinta, ba sabon abu ba ne a makarantun Nijeriya, domin tun a shekarun 1960 aka fara gwada shi a sakandaren Aiyetoro da ke Jihar Ogun ta yanzu, kafin taron Mombasa na 1968 ya ƙarfafa ƙasashen Afirka su rungume shi. Manufar ita ce a samar da ɗalibi mai tambaya da bincike, wanda zai auna hujja kafin ya yarda da magana. Wannan jarida tana ganin an yi nesa da wannan manufa, kuma babban dalilin yana cikin yadda ake koyarwa.

A mafi yawan sakandarorin gwamnati, malami yakan cika allo da rubutu, ko ya miƙa wa shugaban aji littafinsa ya kwafa wa sauran, ɗalibai su haddace ma'anar "al'ada" da "shugabanci" domin jarrabawa, sannan su manta da zarar sun ajiye biro. Cire tarihi daga manhajar ilimin matakin farko a shekarar karatu ta 2009/2010 ya ƙara dagula lamarin, kuma ko da yake a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi tare da zaɓen malamai 3,700 domin horarwa, ɗari daga kowace jiha da Abuja, duk wanda ya san yawan makarantun Kano ko Katsina kaɗai ya san cewa wannan adadi bai taka kara ya karya ba.

Abin takaicin shi ne kayan koyar da wannan darasi suna bakin ƙofar makaranta. Malamin da ke birnin Kano, idan zai koyar da ƙaura da cuɗanyar ƙabilu, yana iya raba ɗalibansa rukuni-rukuni, ya tura wasu Zangon Barebari, wasu Tudun Nufawa, wasu Ayagi inda Yarbawa suka daɗe da zama, su tambayi masu unguwanni da dattawa asalin mazauna wurin da sana'ar da ta kawo su, su dawo aji su kwatanta abin da suka ji da abin da ke cikin littafi. Inda ruwayoyi biyu suka saɓa, nan ne darasin ya fi armashi, domin a nan ɗalibi zai koyi tantance madogara, wato bincikar wanda ya faɗi magana da lokacin da ya faɗe ta da abin da zai amfana da faɗinta. Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata suna nan, haka Hasumiyar Gobarau a Katsina da Gidan Arewa a Kaduna, kuma ziyararsu ba ta wuce kuɗin mota da izinin shugaban makaranta ba.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa malami laifin duka. Wanda ke tsaye gaban aji maƙil da ɗalibai, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, kuma rabonsa da bita tun da ya bar kwalejin horar da malamai, da wuya ya samu kuzarin shirya muhawara ko fita bincike. Dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 ta tsawaita zamansu a aiki, amma ba ta sauya abin da ke faruwa cikin aji ba.

Don haka jaridar nan tana kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da su shirya bita a kai a kai wadda ƙwararrun malaman aji za su jagoranta, a kuma ware wa kowace makaranta kuɗin fita ziyarar ilimi a kowane zangon karatu. Hukumomin jarrabawa kuma su rage tambayoyin hadda, su ƙara waɗanda ke neman ɗalibi ya kafa hujja, domin malami yakan koyar da abin da ya san za a tambayi ɗalibansa.