Kwana a Bakin Tafki: Hattara da Gawayi

Uwargida, in hutu ya kai ki Ingila, za ki ga iyalai da mota mai ɗakin kwana suna yada zango a bakin Windermere, tafki mafi girma a ƙasar. Da dare akwai sanyi, har wasu kan shigar da murhun gashi cikin motar don ɗumi. Kada ki yarda! Gawayi, ko ya yi kamar ya mutu, yana fitar da iska mai guba marar wari, mai kashe mutum cikin barci. In yara suka fara ciwon kai da jiri, fitar da su waje, ki kira 999. A aikinmu na jinya, gargaɗin da muke yi ke nan kan kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ke da me kike ɗumama ɗakinki?