Kun Rufe Musu Ƙofa, Yanzu Kuma Kuna Zagin Abin Da Suka Rubuta

Jama'a, akwai wata magana da ta zama goro a majalisunmu, daga Hunkuyi har Likoro. Da zarar an taɓo batun lalacewar tarbiyya, sai wani ya gyara hula ya ce ai littattafan matan nan ne suka ɓata mana 'ya'ya. Ka tambaye shi wanne ya karanta a ciki, sai ya kama kame-kame. Bai karanta ko ɗaya ba, ji ya yi ana faɗa. To yau ga tambayata ga masu wannan magana: wa ya taɓa buɗe wa matan nan ƙofar maɗaba'a, balle a ce sun shiga sun yi ɓarna?

Mu 'yan Kudan ba mu da uzurin cewa ba mu san tarihin ba, don a nan bayan gidanmu aka yi shi. A Zariya ne Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Littattafai biyar, babu sunan mace ko ɗaya a bangonsu. Za a ce ai lokacin mata ba su yi boko ba. Na yarda. Amma a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariyar nan, daga baya NNPC ta zo, injuna suna ta juyawa shekara da shekaru, kuma sai a 1980 aka buga ƙagaggen labarin mace na farko da Hausa, wato So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed. Shi ma sai da ya bi ta gasa ya zo na biyu kafin a waiwaye shi. Ku ƙirga da kanku, shekara 47 tsakanin gasar East da fitowar wannan littafi. Haba! A ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu tun 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, a nan ne za a ce mana mace ba ta iya riƙe alƙalami ba?

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta inda kuɗi yake, ai matan ba su zauna suna jiran tsammani ba. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, ta rubuta Budurwar Zuciya, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne. Anti Bilki Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa, matan aure suna aron sa gida-gida har bango ya yage. Da kuɗinsu suka buga. Wata ta yi adashi, wata ta sayar da abin hannunta, ta kai wa mai ƙaramin inji a Kano, ta ɗauko ta kai wa 'yan kasuwa su sayar su ba ta abin da suka ga dama. Ba edita, ba mai duba ƙa'idar rubutu, ba yarjejeniyar ko sisi.

Me muka saka musu da shi? Masana suka laƙaba wa aikinsu suna Adabin Kasuwar Kano, da ma dai a nuna kayan tebur ne, bai kai a shiga da shi aji ba. Allah ya saka wa irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da suka tsaya suka ce a'a, a karanta tukuna kafin a yanke hukunci. Sannan a 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a, da sunan gyaran tarbiyya. Bayan nan hukumar tace finafinai ta ce marubuta su zo su yi rajista. Da gwamnati ta tashi tunawa da marubutan nan, ashana ta kawo musu da fom.

Ga abin da ya fi ci min rai. Alhaki Kuykuyo Ne labari ne na magidancin da ya wulaƙanta uwargidansa da 'ya'yansa saboda wata sabuwa, irin abin da kowa a cikinmu ya san gidan da ya faru. Da aka tashi fassara shi zuwa Turanci a 2012, Aliyu Kamal ne ya fassara, amma kamfanin da ya buga shi, Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya yake. Indiya fa! Ba Zariya ba, ba Kaduna ba, ba Kano ba. Mutanen da muke yi wa dariya kan rawa da waƙa su suka ga darajar alƙalamin 'yarmu, mu muna nan muna gardamar ko ya halatta ta rubuta.

Wani zai ce ai ko'ina haka mata suke fama. Gaskiya ne, amma dubi yadda ake faman. A Amurka, a 2020, marubuta baƙar fata suka fito a Twitter suna bayyana kuɗin da kamfanoni suka biya su kafin fitar littafi, aka gwada da na takwarorinsu farar fata, aka ga tazarar, kamfanonin suka sha kunya. Su rigimarsu a kan yawan kuɗin ne. Mu nan wane kuɗi? Marubuciyarmu ita ke biya a buga mata. A Abuja ma, Bibi Bakare-Yusuf ta kafa Cassava Republic a 2006, mace ce, kuma littattafan kamfaninta suna shiga kasuwannin Ingila. Attajiranmu na Arewa fa? Gidan mai da filaza, sai kuma wani gidan man.

Kada a ce babu masu rubutun ko babu masu karatu. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe da Sansanin 'Yan Gudun Hijira, labari kan mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Wannan ne soyayyar banzan da ake faɗa? Shekara ta biye Maimuna Idris Sani Beli ta karɓa. Nan ma dai gidan rediyon Ingila ne ya shimfiɗa tabarmar.

Yanzu bari in zo inda masu suka suke da 'yar gaskiya, don ba na tsoron wurin. E, akwai batsa a wasu labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad. Akwai, kuma ba na so ƙanwata ta karanta su. Amma ta yaya aka kai nan? Kasuwar littafin takarda ta mutu, marubuciya ta koma waya, tana sakin labari shafi-shafi, mai so ya tura 'yan kuɗi a sa shi a guruf. Kafin gari ya waye wani ya kwafe ya watsa kyauta. Wadda ke rubutu mai tsafta ta ga wahalarta ta tafi a banza, wadda ke zuba batsa ta ga kuɗi na shigowa. A kamfanin ɗab'i na gaskiya akwai edita da zai ce cire wannan, gyara wancan, kuma akwai lauyan da zai bi ɓarawon littafi. Ku da kuka hana su wannan gata, da wane baki kuke kukan abin da rashinsa ya haifar?

Mu 'yan siyasa kuma kada mu yi kamar ba da mu ake ba. Duk kakar zaɓe muna cika injunan Zariya da Kaduna da fosta da kalanda, fuskar mutum ɗaya dubu-dubu, ruwan farko ya wanke su daga bango. A layin zaɓe kuwa matan nan ne ke fitowa tun da sassafe da goyo a baya, mu ba su atamfa da sabulu mu ce mun yi musu aiki.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ina so shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinmu da ɗan majalisarmu na jiha su ji. A ware kuɗi a kasafin ilimi a sayi littattafan matan nan, waɗanda malaman Hausa suka tantance, a zuba a makarantun sakandaren Kudan da Makarfi da Ikara, a kuma saya daga hannun marubutan kai tsaye don kuɗin ya isa gare su. A sa gasar rubutu ta 'yan mata duk shekara, a ɗauko malamai daga sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello su yi alƙalanci su gyara, a buga labarai goma na farko a littafi ɗaya da sunan kowace yarinya a jiki. Kuɗin bai kai na fostar ɗan takara ɗaya ba. Duk wanda zai zo neman ƙuri'ar matan Kudan a zaɓe mai zuwa, matasanmu za su tare shi da wannan tambaya tun a bakin rumfa, kuma za mu rubuta amsarsa a nan da sunansa.